Waƙa Ta Biyu

A majami'ar Baba Rabaran Felix da ke Sabon Gari ba a ce wa mai wa'azi ya sauka. Waƙa ake yi masa. Idan ɗan koyo ya hau mumbari ya fara kame-kame, ko ya kama hanyar da ba ta ɓullewa, sai Baba ya gyara zama a kujerarsa ta gefen bagade, ya yi gyaran murya, ya ɗauko baitin farko a hankali kamar mai yi wa kansa. Kafin ya kai ƙarshen baitin 'yan Zumuntar Mata sun cafe, tuluna sun ɗauka, ganga ta shigo. Shi kuwa mai wa'azi sai ya rufe littafinsa ya sauko yana tafi tare da kowa, yana murmushin da bai kai ciki ba. Baƙo zai ɗauka haka tsarin sujadar yake. 'Yan gida sun san binne wa'azin aka yi.

Kowace shekara makarantar tauhidi da ke Samaru takan turo ɗalibi ɗaya na ajin ƙarshe ya koyi aiki a hannun Baba. Ƙa'idar tsohon kuwa kowa ya san ta. Waƙa ta farko gargaɗi ce. Ta biyu, ɗalibi ya koma makaranta ba tare da shaidar Baba ba, kuma wanda bai samu shaidar ba, ba a ba shi ikilisiya.

Martin ya riga ya sha ta farko.

Kuma laifinsa ne, kada wani ya tausaya masa. Mutum ne mai ƙwaƙwalwa, tsohon malamin firamare daga wani ƙauye kusa da Zonkwa, wanda ya ajiye alli ya amsa kira, ya kwaso matarsa Christabel da ɗansu Wisdom suka tare a ɗaki ɗaya a Bomo, kusa da Samaru. Amma ranar da ya fara hawa mumbarin Sabon Gari sai ya hau da makaranta gaba ɗaya a bakinsa. Ya kawo kalmomin Helenanci, ya raba wa'azi kashi-kashi, kowane kashi kuma da 'ya'yansa da jikokinsa. 'Yan kasuwa da kanikawa da teloli suka zuba masa ido suna fifita da takardar sanarwa. Dattijo Celestine, sakataren ikilisiya, ya yi barci har da buɗe baki. Sai Baba ya yi gyaran murya.

Bayan an tashi ya kira shi ofis ya ce, “Malam Martin, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma babu mutum a ciki. Shiga gidajen mutanen nan. Ka zauna, ka ci abin da aka ba ka, ka rufe bakinka ka buɗe kunne. A tsakar gida ake samo wa'azi.”

Martin ya ce, “To, Baba.”

Ya kuwa shiga gidaje. Daga unguwar Jama'a har bayan tasha babu ƙofar ɗan ikilisiya da bai ƙwanƙwasa ba. Ya sha kunu, ya ci amala, ya ci tuwon masara, har wata tsohuwa ta ba shi miyar da ta sa shi hawaye ya ce Ruhu Mai Tsarki ne. A cikin wannan yawon ne, wata Juma'a da yamma, ya isa gidan Oluoma.

Babu mai kiranta Oluoma sai takardar baftisma. Maman Kachi ake ce mata. Inyamura ce haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ta fi ta Martin santsi, mijinta ya rasu tuntuni, tana da shagon kayan roba a layin 'yan kasuwa na PZ. Kowa ya san ɗanta ɗaya, Kachi, yana aiki a Fatakwal. Kowa kuma ya san kowace Asabar, ranar da kasuwa ta fi ci, takan rufe shago ta ɗauki shuɗiyar kularta ta tafi Kaduna duba wata yayarta marar lafiya. Har addu'a ake yi wa yayar a taron mata.

Martin ya tarar da ita tana tuƙa miyar shuwaka a tukunyar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya ce, “Mama, baƙi za a yi ne?”

Ta ci gaba da juya ludayi, ta juya, ta juya, sai ya ga kafaɗunta suna rawa. Wannan karon dai ya yi abin da aka ce masa, ya rufe bakinsa. Shirun nan ne ya buɗe nata.

Babu wata yaya a Kaduna. Kachi ne, kuma ba a Fatakwal yake ba, yana gidan yari. Abokan banza ya bi, aka fasa wani shago, aka kama shi, aka yanke masa shekaru. Ta ce a bakin ƙofar gidan yarin ba a karɓar abinci sai wanda ya kawo ya ɗanɗana a gaban ma'aikata. Sai ta buɗe kular ta ci loma ɗaya, a shiga da sauran.

“Fasto ƙarami,” in ji ta, tana share ido da gefen zani, “lomar nan ita ce kaɗai cin abincin da nake yi da ɗana. Shi ya sa ba na karyawa ran Asabar. Ina so ta same ni da yunwa.”

Ta kama hannunsa da hannunta mai ɗumin murhu. “Ban da Baba Rabaran, kai kaɗai ka sani. Abeg, ka riƙe mini.”

Ya ce, “Na riƙe, Mama.” Ya yi mata addu'a, kuma har ga Allah da zuciya ɗaya ya yi ta, shi ma ya yi ƙwalla.

Amma mai wa'azi mai wa'azi ne. Ranar Lahadin da ta biyo baya Baba ya sanar da shi nassin wa'azinsa na ƙarshe, misalin ɗan da ya bar gidan ubansa, uban kuma yana ta duban hanya. Martin yana cikin keke zai koma Samaru, ko Kwangila ba su kai ba, ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Ga uban nan mai duban hanya, ya gan shi da idonsa, da zani da ludayi. Ga mutum a cikin wa'azi, yadda Baba ya nema. Wata murya a cikinsa ta ce ai amana ce. Ya ce mata ba zai faɗi suna ba. Ta ce ko da haka. Ya ce zai ce a wani gari ne. Daga nan bai ƙara sauraronta ba.

Asabar da la'asar ya tsayar da Christabel daga wankin da take yi, ya juya bokiti ya zama mumbari, ya yi mata wa'azin daga farko har ƙarshe. Da ya zo kan lomar nan ta bakin ƙofa, sai ta zauna a kan turmi ta rufe fuska. Martin ya ji daɗi ƙwarai. Tun da suka yi aure bai taɓa sa ta kuka da wa'azi ba, sai dai hamma.

Da ta natsu ta ce, “Baban Wisdom, matar nan ta san za ka faɗa?”

“Ban faɗi sunanta ba ai.”

“Ba abin da na tambaye ka ke nan ba.”

“Na ce a wani gari ne, Maman Wisdom. Wa zai gane?”

“Ni ban san ta ba, amma ina jin da na je Sabon Gari sau biyu zan nuna maka ita.”

Ransa ya ɓaci, don ya san inda maganar ta taɓa. Ya ce, “To me kike so in yi? In koma wa Helenanci? An yi mini waƙa ɗaya. A gida sun riga sun yi wa ɗakin fasto rufi, babana yana gaya wa kowa bana zan dawo. Ke kanki shekara nawa kina suyar awara a bakin titi saboda karatun nan? In cire labarin nan, me ya rage a wa'azin?”

Christabel ta koma kan wankinta. Ta matse riga ta shanya, sannan ta ce, “Ni dai na tambaya.”

Ranar Lahadi majami'a ta cika har baranda, don an san ranar ɗan koyo ce, kuma mutane suna son kallon irin wannan rana fiye da yadda za su yarda. Dattawa suka jeru a gaba. 'Yan Zumuntar Mata suka zauna gefen dama cikin anko, tuluna a tsakanin ƙafafu, shugabarsu Mama Scholastica a bakin layi. Ita ce mai cafe waƙa daga bakin Baba, kuma shagonta na atamfa yana manne da na Maman Kachi a PZ. Mace ce mai kirki, amma abin da ya shiga kunnenta da safe, kafin azahar ya zaga kasuwa ya dawo. Maman Kachi tana zaune a bayanta kaɗan. Da suka haɗa ido da Martin ta yi masa murmushi, ta ɗaga masa kai alamar Allah ya taimaka.

Ya kawar da ido da sauri.

Ya hau mumbari. Ya yi addu'a, ya karanta nassi, ya fara. Wannan karon bai ɗauko Helenanci ba. Ya yi maganar yaran da ke barin gida, da iyayen da ke tsayawa bakin ƙofa kamar suna shan iska alhali hanya suke kallo. Muryarsa ta zauna. Fifita ta ragu. Wani daga baya ya ce, “Gaskiya ne!” Dattijo Celestine yana zaune ido biyu, abin da ba a saba gani ba. Martin ya saci kallon Baba. Tsohon ya haɗa hannuwa a kan ciki, idonsa a rufe, bai motsa ba. Wannan alama ce mai kyau.

Amma ya san duk wannan shimfiɗa ce. Ya gina wa'azin ne don ya kai ga wuri ɗaya, kuma ga shi ya iso. Ya yi shiru kaɗan yadda aka koya musu a aji, ya sassauta murya.

“Akwai wata uwa da na sani,” in ji shi, “a wani gari. Mijinta ya rasu. Ɗa ɗaya Allah ya ba ta.”

Majami'a ta yi tsit. Ya ji yadda suka matso da kunnuwansu, kuma daɗin abin ya ratsa shi har tafin ƙafa. Bai taɓa riƙe mutane haka ba.

“'Yar kasuwa ce. Amma akwai rana ɗaya a mako, ranar da ciniki ya fi yawa, da takan rufe shagonta. Kowace Asabar...”

A nan idonsa ya faɗa gefen dama, ba da niyya ba.

Murmushin Maman Kachi ya tafi. Ta dafe bencin gabanta da hannu biyu, bakinta a ɗan buɗe, tana kallonsa yadda mutum ke kallon motar da ta saki hanya ta nufo shi. Ba ta girgiza kai ba, ba ta yi masa alama ba. Kallo kawai. A gabanta kuma Mama Scholastica ta ɗan karkatar da kai, ta tattara gira, ɗankwalinta ya fara juyawa a hankali zuwa baya.

Martin ya tsaya cak. A wani gari! Wane gari? Mace nawa ce a majami'ar nan mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya, tana rufe shago ran Asabar? Jimla ta gaba tana kan harshensa, a shirye, ya maimaita ta har ya haddace: takan ɗauki kula ta nufi gidan yari. Idan jimlar ta fita, za a yi kuka a ɗakin nan, ya sani. Dattawa za su ce yaron nan ya iya. Gobe kuma kafin a gama buɗe shaguna PZ ta san inda Kachi yake, kuma matar nan ba za ta ƙara amsa sunanta da kai a sama ba.

Ya nemi wata hanyar. Ya ce ko ya juya labarin, ya ce asibiti take zuwa. Ƙarya ke nan a kan mumbari. Ko ya tsallake ya kama kashi na gaba? Babu kashi na gaba, duk abin da ya rage a kan labarin nan yake tsaye. Kansa ya zama fanko. Shirun ya wuce na gwaninta, ya zama na wanda ya ɓata. Wani jariri ya yi kuka aka rarrashe shi. Ɗankwalin Mama Scholastica yana ci gaba da juyawa.

Abu ɗaya ne ya san yana juyo da kan Mama Scholastica gaba, ko me take kallo.

Martin ya rufe littafinsa. Ya buɗe baki, da muryarsa da ba ta taɓa shiga ƙungiyar mawaƙa ba, ya ɗauko baitin farko na waƙar nan, ita dai wadda aka yi masa a karon farko.

Ya ɗauko ta sama da yawa, muryar ta fashe. Babu wanda ya amsa. Mutane suka kalli Baba, don ba daga can waƙar ta fito ba, kuma ba a taɓa jin ɗan koyo ya yi wa kansa ba. Martin ya ci gaba shi kaɗai, yana jin kunya tana cin fuskarsa. Sai hannun Mama Scholastica, wanda ya saba shekara da shekaru, ya faɗa kan bakin tulu da kansa. Ta juyo gaba, ta cafe. Mata suka ɗauka, ganga ta shigo, jama'a suka miƙe.

Ya sauko. Bai iya ko tafin ba. Da ya kalli gefen dama, wurin Maman Kachi babu kowa.

A ofis bayan sujada Dattijo Celestine ya so ya taimaka. Ya ce, “Baba, ai wannan ba za a ƙirga ba. Ba kai ka tayar ba. Kuma farkon wa'azin ya yi daɗi, ni ko gyangyaɗi ban yi ba.”

Baba ya ce, “Dattijo, ba mu wuri.”

Da ƙofa ta rufu tsohon ya daɗe yana kallon Martin. Ba ya cikin masu ɗaga murya, kuma Martin ya gwammace a ce yana ciki.

“Na ce ka buɗe kunne,” in ji Baba. “Me na ce kafin wannan?”

“Ka ce in rufe bakina, Baba.”

“Na riga na ja numfashi zan tayar, ka riga ni. Da daga bakina ta fito, ba makaranta za ka koma ba. Zonkwa za ka koma, ka nemi allinka. Wanda bai iya wa'azi ba ana koya masa. Wanda ake ba amana ya hau da ita mumbari, ban san abin da zan koya masa ba.”

Martin ya sunkuyar da kai. Ya ce, “To shaidar, Baba?”

“An yi waƙa ko ba a yi ba?”

“An yi.”

“Ta nawa?”

“Ta biyu.”

“To bana babu. Zan gaya wa makaranta su sake turo mini kai baɗi, idan kana so. Idan kuma matar nan ta daina zuwa sujada, kada ka dawo.”

A waje Christabel tana jiransa a ƙarƙashin dalbejiya. Ta karanta fuskarsa, ba ta tambaya ba. Ya ce, “Wata shekarar awara, Maman Wisdom.” Idonta ya ciko, don ita ma ta ƙosa ta koma gida, kuma ita za ta ji da surutun dangi. Ta karɓi littafin daga hannunsa ta sa a jaka, ta ce ya zo su tafi kafin rana ta yi zafi.

Washegari ya tafi PZ. Ya wuce shagon sau biyu kafin ya iya tsayawa. Maman Kachi tana jera bokitai a bakin ƙofa, Mama Scholastica kuma tana nata shagon tana auna wa wata atamfa, kunnenta ɗaya a waje. Martin ya durƙusa har ƙasa, a gaban masu wucewa, da wandonsa na fita.

“Mama, ina kwana.”

Ta ɗora bokiti a kan bokiti. Ta shiga ciki ta fito da robobi ta jera. Ya daɗe a durƙushe har ƙafarsa ta fara sanyi. Sannan ta matso kamar za ta gyara wani baho kusa da shi, ta yi magana ƙasa-ƙasa ba tare da ta kalle shi ba.

“Jiya ban yi barci ba. Tun safe Scholastica ta tambaye ni sau biyu yaya jikin yayata. Ba ta taɓa tambaya sau biyu ba.”

“Mama, ki yafe mini.”

“Na ce ka riƙe mini.”

“Kin faɗa.”

Ta juya bahon, ta goge shi da tsumma, ko da yake babu abin gogewa a jikinsa.

“Ban yafe ba tukuna,” in ji ta. “Amma tunda bakinka ya iya faɗin Asabar, Asabar ɗin ka same ni a tasha da sassafe. Kular tana da nauyi, kuma yaron nan tun da ya shiga babu fasto da ya gani sai Baba, shi ma ƙafa ta hana shi yanzu.”

Martin ya ɗago. Ta riga ta juya ta nufi cikin shago. A bakin ƙofa ta tsaya.

“Kada ka karya kafin ka zo,” in ji ta. “Kai za ka ɗanɗana.”